Kafin Dillali Ya Ɗauke Takobin Kaka

A Turai, masu tara tsofaffin wuƙaƙen hafsoshin soja tambayarsu ta farko ita ce: ta wane ce, wa ya ƙera ta? Mu kuwa, daga Kurugu har Karaye da Rogo, takobin kaka na rataye yana tsatsa, ranar da dillali ya zo mu sallama shi a kuɗin cefane. Abin takaici, ruwan wasu takubbanmu daga Solingen ta Jamus ya ƙetaro Sahara, a nan aka ɗinka musu kube. Gidan Makama ya adana wasu, labarinsu kuwa yana bakin tsofaffi. 'Yan uwa marubuta, mu je mu tambaye su: takobin nan ya fita ranar da Turawa suka ci Kano a 1903, ko hawan sallah kaɗai ya sani?