A Sayi Littafi Kafin A Sayi Famfo

Hutun da ya wuce mun koma gida Daura, muka tarar da wata rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a wani rukunin gidajen ma'aikata inda waɗansu daga cikinmu suka tashi. Gidaje ne da suka haɗa rijiyar burtsatse ɗaya, da taransifoma ɗaya, da mai gadi ɗaya, saboda haka suka kafa kwamiti mai kula da waɗannan abubuwa. Injin rijiyar ya ƙone, kwamiti ya zauna, aka yanka wa kowane gida abin da zai biya. Da lokacin karɓar kuɗi ya zo sai magana ta rabu biyu: waɗansu suka rantse an ce 'yan haya rabi za su biya, waɗansu kuma suka rantse ba a bambanta kowa ba. Aka nemi magatakarda, ashe an yi masa canjin wurin aiki, abin da ya rubuta kuwa yana cikin wayarsa, wayar ma an sace ta tuntuni. Har muka dawo makaranta ana sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa, kuma dattijai biyu da suka shekara da shekaru suna sahu ɗaya a masallaci ba sa ga-maciji.

Babu wanda ya ci kwabo a cikinsu, abin da ya fi ba mu takaici ke nan. Littafi kawai aka rasa.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, domin duk inda aka kafa ƙungiya, daga Daura zuwa Zango, Sandamu, Baure ko Mai'aduwa, mu ake miƙa wa alƙalami a ce, "Kai ne ɗan boko, rubuta." Mu kuwa sai mu karɓa da ƙyar, kamar an ba mu aikin shara, alhali kuwa bayan shekara biyu abin da muka rubuta shi ne zai zama gaskiyar ƙungiya, abin da muka bari kuma kamar ba a taɓa faɗarsa ba.

Mu dai a ganinmu, littafi ɗinkakke mai bango, wanda aka sa wa shafukansa lamba tun daga farko har ƙarshe, shi ya kamata ya zama asali. Ba ma ƙin zamani. A ɗauki hoton shafin a aika wa kowa ta WhatsApp, hakan ma ya fi, don wanda yake Katsina ko Kano ya san abin da aka yanke. Amma waya ta mutum ɗaya ce, tana bin sa duk inda gwamnati ta tura shi, kuma saƙon cikinta ana iya goge shi cikin dare. Shafin da aka yage daga littafi mai lamba kuwa, ko yaro ya duba zai ga an tsallake daga goma sha biyu zuwa goma sha biyar.

To, me za a rubuta a ciki? A nan ne 'yan boko suka fi yin kuskure. Akwai magatakardan da yake ganin ƙwarewa ita ce ya kwashe duk abin da ya fito daga bakin kowa, har ma akwai masu ɗaukar murya a waya, wai don kada a yi musu. Wannan aikin majalisar dokoki ne, inda ake biyan ma'aikata musamman don su yi shi. A ƙaramin kwamiti irin namu illarsa ta fi amfaninsa yawa. Mun san halin ƙasarmu: dattijo ba zai so a karanta a bainar jama'a cewa ya kawo shawara an ƙi ta ba, yaro kuma ba zai yarda a rubuta cewa ya ja da maganar sa'an mahaifinsa ba. Da zarar mutane sun gane kowace kalma tana shiga takarda, sai kowa ya ja bakinsa, a koma yanke shawara a zaure bayan an tashi, inda babu alƙalami ko kaɗan. Ko Turawa da muka koyo abin a wurinsu ba haka suke yi ba. Littafin ƙa'idojin taro da Henry Robert ya wallafa a Amurka a 1876, wanda ƙungiyoyi da yawa suke bi har yau, abin da aka zartar yake son a rubuta, ba abin da aka faɗa ba. Ranar taro, waɗanda suka halarta, shawarar da aka tsayar, nawa ne kuɗin, wa zai karɓa, zuwa yaushe. Idan wani ya ƙi amincewa kuma shi da kansa ya roƙi a sa sunansa, a sa. Shafi ɗaya ya isa.

Sai kuma harshe. Abin kunya ne a yi taro da Hausa tun daga addu'ar buɗewa har ta rufewa, sa'an nan magatakarda ya koma gida ya juya shi zuwa Turancin da rabin kwamiti ba sa ji, ya dawo ya karanta da sauri, a ce "an amince". Da me aka amince? Gwauruwar da ke biyan kuɗin mai gadi kamar kowa, da direban da ya yi ritaya, su ma suna da haƙƙin a karanta musu su gane. Garin da ya adana jerin sarakunansa a Girgam, wanda akawunan En'e suka riƙe masa littattafan baitulmali har zuwa gyaran ƙananan hukumomi na 1976, bai kamata a ce jikokinsa sun kasa rubuta kuɗin famfo da harshensu ba. Kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Za a ce mana ai banki da hukuma Turanci suke so. Gaskiya ne. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ƙungiyar da ke son rajista a hukumar CAC sai ta kai rahoton taron da aka naɗa amintattunta, banki ma ba ya buɗe asusu sai ya ga shawarar da ta ambaci masu sa hannu. To, sau nawa ake wannan a shekara? A fassara wannan shafin kaɗai ranar da bukatarsa ta taso.

Abu na ƙarshe shi ne karatu. A farkon kowane zama a karanta na baya da babbar murya, a gyara abin gyara tun mutane ba su manta ba, shugaba da magatakarda su sa hannu a gaban kowa. Littafin kuma na kwamiti ne, ranar da magatakarda zai sauka a gaban jama'a zai miƙa shi. Ƙungiyarmu ta ɗaliban Daura ma ba mu tsira ba: makon jiya mun nemi littafin shugabannin da suka sauka, an ce mana yana cikin akwatin wani da ya tafi bautar ƙasa.