Hoton daƙiƙa talatin ba ganawa ba ce

Wata magana ta zauna daram a zukatan masoya kiɗan rok, daga Landan har Los Angeles: wai cikar soyayya ita ce mutum ya ga gwanayensa a ƙaton filin wasa, in da hali ya ƙara kuɗi a shigar da shi bayan dandamali su gaisa, a ɗauke su hoto. Wanda ya fi zuba kuɗi shi ne masoyin gaske. Maganar nan ƙarya ce, kuma masu sayar da tikiti kaɗai take yi wa rana.

A dubi yadda gaisuwar take gudana. Tun da sauran rana ake jera masu tikitin musamman a wani lungu, kowa da kati rataye a wuya. Ma'aikaci ya zayyana musu sharuɗɗa: ban da runguma, ban da ɗaukar hoto da wayarka, ban da dogon zance. Mutumin da ya shekara ashirin yana haddace waƙoƙin ƙungiyar, ya kwana yana tsara abin da zai faɗa, ga shi yau gaban mawaƙa huɗu da murmushi ya riga ya gajiyar. Ya buɗe baki ke nan fitilar kyamara ta haska, hannun mai tsaro ya sauka a kafaɗarsa. Ko sunansa bai gama faɗa ba. Zai koma gida da hoto, amma mawaƙan ba za su iya shaida fuskarsa ba ko da daren ranar.

Shiga filin ma ya zama kokawa. A watan Agusta na 2024, Noel da Liam Gallagher, wa da ƙane da suka raba gari tun 2009, suka sanar da dawowar ƙungiyarsu ta Oasis. Jama'a suka wuni a layin intanet na kamfanin sayar da tikiti na Ticketmaster. Da layi ya iso kan wasu, tikitin tsayuwa da aka sanar a kan kusan fam 150 ya koma fam 355, ga agogo na ƙirga musu 'yan mintoci su biya ko su rasa. Mutum ya sha jiran sa'o'i, zuciyarsa ta riga ta tafi filin, da wane ƙarfin hali zai ce ya fasa? Abin ya yi tsamari har hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta buɗe bincike.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba a banza take ba. Sun ce faifai ya daina sayuwa, abin da mawaƙi ke samu daga sauraro ta intanet bai taka kara ya karya ba, dole a nemi abinci a dandamali. Gaskiya ne. Sai dai wa ke cin wannan abincin? Ƙungiyoyin da ke sayar da gaisuwa da tsada su ne waɗanda suka riga suka ƙoshi. Can ƙasa kuwa, inda ake rainon mawaƙa, wuta ce ke ci: ƙungiyar Music Venue Trust ta ce a 2023 kaɗai ƙananan gidajen kiɗa 125 ne Birtaniya ta rasa. Su kansu Oasis a irin wannan ɗan gida aka tsinto su, King Tut's na birnin Glasgow, mai cin mutum wajen 300, inda Alan McGee na kamfanin Creation ya gan su a 1993 ya ɗauke su. Duk wanda ke cikin ɗakin a daren nan ya fi mai tikitin fam 355 kusa da su nesa ba kusa ba.

Kada kuma a ce mawaƙa ba su da ta cewa. A 1994 ƙungiyar Pearl Jam ta kai ƙarar Ticketmaster gaban ma'aikatar shari'a ta Amurka, biyu daga cikin 'yan ƙungiyar suka ba da shaida a majalisa. Ƙungiyar Fugazi ta yi shekaru tana riƙe da kuɗin shiga a wajen dala 5. A 2023 Robert Smith na The Cure ya sa tikiti mai araha har na dala 20, da ya ga kuɗin hidimar da aka ɗora wa wasu ya zarce na tikitin, ya fito fili ya yi ta faɗa har kamfanin ya mayar wa mutane dala 10 ko dala 5. Wanda ya so masoyansa, ana gani a farashi.

Mai neman sanin yadda kusanci na gaskiya yake, ya nufi Agadas. Kiɗan jitar Abzinawa da manyan mujallun Turai da Amurka ke yabo a yau a matsayin rok na gani na faɗa, a gidan biki ya girma. Ana shimfiɗa darduma a kan rairayi, a tayar da janareta, a jingina sifiku. Makaɗa na tsaye ƙasa ɗaya da jama'a, ƙurar masu rawa na sauka a kan jitarsu, mata na rangaɗa guɗa, mai liƙi ya matso har ya taɓa rawanin mawaƙi. In an sarara, gawayi na nan da butar shayi, kuma yaron da ke son ganin yadda ake danna tsirkiya zai durƙusa a gefen makaɗin ya kalla har ya ƙoshi. Ƙungiyar Etran de l'Aïr, ta 'yan gida ɗaya, a haka take tun 1995, daga biki zuwa suna, kafin ta fara zaga duniya.

Shi ma Mdou Moctar, bahagon makaɗin da kamfanin Matador na Amurka ya fitar wa da faifan Afrique Victime a 2021, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran muryar da aka sani a waƙoƙin finafinan Hausa. Ba talla ce ta yaɗa shi ba. Masoya ne suka riƙa tura wa juna waƙoƙin daga waya zuwa waya a faɗin Sahel. Mutanen da suka ɗaga shi ba su taɓa sayen damar gaisawa da shi ba, kuma babu wanda zai ce soyayyarsu ragaggiya ce.

Haka Bombino, ɗan Nijar na farko da aka sa cikin 'yan takarar lambar Grammy. Rikicin tawaye ya kore shi zuwa Burkina Faso. Da ƙura ta lafa ya dawo gida a watan Janairun 2010, ya kafa kayan kiɗa a gindin Babban Masallacin Agadas da izinin Sarkin Abzin, mutum sama da dubu suka kewaye shi suna rawa.