Wuri, kakan kuɗi

Masu karatu, wanda ya ce «ba ni da ko wuri» sunan wata ƴar halittar teku ya ambata, ko da bai taɓa ganin teku ba. Wuri tilo ne, jam'insa kuɗi. Shi kuwa ƙwanson wata ƙaramar katantanwa ce da ba ta wuce gaɓar yatsa ba, wadda masana ke kira Monetaria moneta.

Mahaifarta tsibiran Maldif, cikin tekun Indiya. A da, mutanen can su kan jefa ganyen kwakwa cikin ruwa, katantanwar ta maƙale, su jawo su shanya bisa rairayi har naman ya ruɓe, ƙwanso ya saura. Ibn Batuta ya ga ana sayar da wuri 400.000 a kan dinari guda a can. Da ya zo ƙasar Mali wajen 1352 ya tarar dinarin nan wuri 1.150 ne. Fatake, ku auna ribar da ke tsakani! Daga baya jiragen ruwan Turawa suka riƙa jibge shi a gaɓar Afirka ta Yamma, da shi aka sayi bayi ba adadi, abin da ba a cika faɗa ba in ana yabon kuɗin kakanni.

A 1851 Bajamushe Barth ya ratsa Tasawa ya isa Kano, inda dalar azurfa ke bakin wuri 2.500. Biyar-biyar ake ƙirgawa da yatsu, a tara zambar-zambar, 20.000 su cika keso. Aikin yini ne.

Amma tun 1845 wasu ƴan kasuwar Jamus suka soma kwaso wani ɗan uwansa mai araha daga Zanzibar, mai zoben rawaya a baya. Suka yi ta malalo shi jirgi bayan jirgi. Wuri ya yi yawa, darajarsa ta zube, har ta kai ɗaukarsa zuwa kasuwa mai nisa na cinye babban rabo na abin da aka ɗauko. Attajirin da ya cika rumbu da keso bai yi asarar wuri ko ɗaya ba, ya dai wayi gari dukiyarsa ta ragu, kuma babu wanda ya shawarce shi.

Ƴan kasuwar Maraɗi da ma'aikatan Yamai da suka ga Janairun 1994 sun san ɗacin wannan. A birnin Dakar aka zauna, kashegari tamma guda ta Faransa, da ke sefa 50, ta koma sefa 100, albashi na nan yadda yake, kayan kanti suka yi tashin gwauron zabo.