Waiwaye: Fiffiken Kaza da Jan Soɓorodo

Duk wanda ya tashi a Manga, ko Ushe, ko Dabai, ko Senchi, ya san yadda ƙasar Zuru take komawa idan kaka ta yi. Dawa ta shiga rumbu, iskar hunturu ta fara tsaga leɓe, hazo ya rufe kan duwatsu. A wannan tsakanin ne bukukuwanmu suke bin juna: Uhola ta godiyar amfanin gona, Kirsimeti, sabuwar shekara, wata shekarar kuma Sallah ta faɗo a cikinsu tunda watanta zagayawa yake yi. Sojojinmu da ke barikokin Kaduna da Jos da Legas su sami hutu su dawo, 'yan makaranta su cika gari. A kowane gida kuwa, na masu zuwa masallaci ne ko na masu zuwa coci, akwai kazar da aka sa wa ido tun damina.

Ba sayo ta ake yi ba. A tsakar gida aka ƙyanƙyashe ta, ta girma tana tsince tsaba a gindin turmi, ta tsallake shirwa da muzuru, tana kwana a akurki. Kafin ta isa yanka sai ta yi wata biyar ko shida. Yara sun san ta sarai, wani lokaci har suna suke sa mata, amma sabo da kaza ba ya hana yanka. Ranar biki da sassafe za ka ji gida ya kaure da guje-guje, yara maza sun tare ƙofa, wani ya bi ta bayan rumbu, har a kama ta.

Abin da na fi so mu tuna shi ne rabo. Idan kaza ta nuna, uwargida takan jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna gaban tukunya, kwanoni a jere, ba mai sa mata hannu. Kowane gida da tsarinsa, amma a namu haka yake: ƙundu da cinya ɗaya na maigida ne, ƙundun nan kuwa in ya ɓata sai an yi bincike. Ƙirji na baƙo. Hanta ta tsohuwar gida ce, wadda haƙora suka yi wa ƙaranci. Kai da ƙafafu na yaron da ya kama kazar ya fige ta, ladan wahalarsa ke nan. Ita mai girkin, wadda ta sha hayaƙi tun asuba, wuya da ƙashin baya take ajiye wa kanta, kuma ba mu taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Sai fukafukai, rabon ƙananan yara. Biyu ne tak a jikin kaza, mu kuwa muna da yawa. Sai Inna ta kama fiffike ta lanƙwasa shi, ta nemi gaɓa da babban yatsa, ta sa wuƙa daidai wurin, ɗaya ya zama biyu, in an matsu ya zama uku har da ɗan tsinin. Ta ɗora wa kowa nasa a kan tuwo. Wani yaron ba zai ci ba sai ya gama tuwonsa tas, sannan ya koma gefe da guntun fiffikensa, ya cinye nama, ya tauna guringuntsi, ya tsotse ƙashi har ya yi fari.

Yau fiffike ba ya jiran a yanka kaza. A manyan garuruwa kilo-kilo ake auna shi daga firiza, kuma faranti guda mai fukafukai 20 kaji 10 ke nan aka taɓa. Kajin gidan gona cikin mako shida zuwa takwas sun isa yanka. Tun farkon shekarun 2000 gwamnati ta hana shigo da daskararrun kaji daga waje, duk da haka ba su daina ratso iyaka ba. Ba na cikin masu cewa duk abin zamani ɓata ne. Yaron da a da sai biki yake ganin nama, yau yana iya samu a tsakiyar mako, wannan kuwa abin godiya ne. Sai dai yawa ya zo mana da mantuwa: an daina zama a raba, kowa faranti yake ɗauka ya ɗiba.

Kwanakin baya jikata da ke karatu a Zariya ta zo hutu, ta miƙo mini waya. "Kaka, dubi abin da nake so in yi mana na tarbar baƙi bana." Hoton fukafukan kaza ne gasassu, sun sha wani jan romo mai kauri, suna ƙyalli. Ta ce da wani ɗan itace ake yi, kiranberi, ta zagaye kasuwar Zuru ba ta samu ba, an ce mata sai manyan kantunan Abuja, a gwangwani.

Ba za ta samu ba kam, don ba ɗan ƙasar zafi ba ne. Wasu 'ya'yan itace ne ƙanana jajaye masu tsami, a fadamun ƙasashen sanyi suke yi, irin jihohin Wiskonsin da Masacuset na Amurka da kuma Kanada. Amurkawa suna dafa su da sukari su ci da naman talo-talo a ranar bikin godiyarsu, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, lokacin da su ma suka gama girbi. Shi kansa fiffike a can ba a ɗauke shi bakin komai ba, na romo ne ko na masu ƙaramin ƙarfi, sai da wani gidan abinci a birnin Bafalo ya fara soya shi da yaji a 1964, daga nan ya zama abin marmari. Haɗa shi da jan romon biki kuwa dabara ce ta baya-bayan nan, ta abin taɓawa kafin a kawo babban abinci.

Na tambaye ta, "'Yar nan, me ake nema a cikinsa?" Ta ce tsami da ja da ɗan zaƙi. Na ce ta shiga ɗakin ajiya ta ɗauko ƙullin soɓorodon da ke rataye.

Nan ne mantuwarmu ta fi yi mini ciwo. Yaran yanzu zoɓo kawai suka sani, abin sha mai sanyi a leda ko a gora, an cika shi da sukari da ƙamshin kanti. Alhali iyayenmu ba abin da suke yarwa a jikin wannan tsiro. A iyakar gona ake shuka shi, ko a ratsa shi cikin gyaɗa, ba ya neman taki mai yawa, ba ya neman lallashi. Ganyensa shi ne sure, wanda wasu ke kira yakuwa, na miya da fate. 'Ya'yansa gurguzu, da su ake daddawar batso, wadda cokali ɗaya nata yake tashin tukunya guda. Farin soɓorodo na miya ne. Jan kuwa ba na sha kaɗai ba ne. Goggona, in aka yanka tsohon zakara mai taurin nama, takan jiƙa jan soɓorodo ko tsamiya ta tsiyaya ruwan a tukunya, ta rufe ta rage wuta. Tsamin ya ratsa naman ya sassauta shi, ya kashe ƙarni, ya yanke maiƙo, romon ya fito ja-ja-jir. Ba ta taɓa jin sunan Amurka a zancen girki ba, amma abin da suke nema a gwangwaninsu shi take samu a ƙullinta.

Su ma mutanen waje sun san darajarsa. A jihar Fulorida, inda zafi ya hana kiranberi yi, tsofaffin matan can da soɓorodo suke haɗa romon bikinsu. A Jamaika shi ne abin shan Kirsimeti, da citta da kanumfari. A Senegal har cikin shinkafa da kifi yake shiga. Daga kasuwar Maigatari ta Jigawa buhu-buhu ake lodinsa, ya bi ta tashar jirgin ruwa ya tafi Meziko. Mu da muke da ƙasar, mun bar shi a iyakar gona kamar ba ɗan gida ba.

To, ga yadda muka yi da jikata, ko wata za ta so ta gwada. Ta wanke fukafukan da lemun tsami, ta raba kowanne a gaɓa yadda na nuna mata, ta baza su a faifai ta rufe da ƙyalle mai tsabta har ruwan jikinsu ya tsane. Wannan tsanewar ita ce sirrin, don jiƙaƙƙen fiffike ba ya gasuwa, sulala yake yi, iskar hunturu kuwa ba ta ɓata lokaci. Ta daka citta da tafarnuwa da masoro da barkono kaɗan, ta haɗa da gishiri da ɗan man gyaɗa, ta murje su da hannu ta bar su kamar awa guda. Ba mu da abin gashi na lantarki, ko da akwai ma wutar ba ta da tabbas. Sai muka yi irin ta masu gasa kek a unguwa: babbar tukunya, yashi mai tsabta a ƙasanta, ƙarfen gashi a kan duwatsu uku ƙanana, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Minti 40 zuwa 45, a juya sau ɗaya a tsakiya. Mai na'urar zamani sai ta sa zafi digiri 200.

Romon shi ke son natsuwa. Soɓorodo cike da tafi biyu, a wanke shi sosai don yashi ba ya rabuwa da shi. A dafa da ruwa kaɗan har ya yi laushi. Kada a tace a zubar da dusar yadda masu zoɓo suke yi, ita ce za ta ba da kauri. A daka ta ko a markaɗa a mayar cikin ruwan. A soya albasa har ta risina, a zuba, a sa citta da kanumfari biyu ko uku da gishiri, sannan zuma ko mazarƙwaila, ana ɗanɗanawa, har zaƙin ya rage kaifin tsamin ba tare da ya danne shi ba. A bar shi a wuta marar ƙarfi har ya riƙa kama bayan ludayi. Abu biyu na gargaɗe ta. Kada kanwa ta kusance shi, don tana shiga jan zai koma baƙi, tsamin ya mutu. Kuma kada a bar shi ya kwana a tukunyar dalma, tsami yana cin ta. Ta ƙasa ta fi. Sai a minti goma na ƙarshe ake shafa romon a jikin naman, in an yi da wuri zumar za ta ƙone ta yi ɗaci. Kafin a sauke a tsaga ɗaya a duba gindin ƙashi, in da sauran jini a mayar.

Da ta jera su a faranti ta nufi ɗakin baƙi, sai na ce ta dakata ta kawo kwano mai murfi. Ta dube ni, ba ta gane ba. Mu kuwa da wannan kwanon muka tashi. A ƙasar Zuru gida ɗaya za ka sami mai salla da mai zuwa coci, uwa ɗaya uba ɗaya, ga kuma kawu da ke riƙe da al'adar kakanni. Ranar Kirsimeti maƙwabcinmu yakan aiko a kira Baba ya yanka masa kazarsa, don kada a sami wanda zai ƙi cin abincin gidansa. Ranar Sallah kwanonmu ne yake fara shiga gidan nasa. Yara ne 'yan aike, an ɗaure kwano da ɗankwali, ana tafe ana riƙe da shi da hannu biyu. "Inna ta ce a gaishe ku, ga wannan ba yawa." A amsa da "An gode, Allah ya maimaita mana," a juye, a zuba wani abu a ciki, don kwano ba ya komawa wayam. Ɗan aike ma ya sami kwabo ko ƙosai, albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Daga kaza guda ɗin nan ake fitar da na maƙwabta, kuma kafin a yi rabon gida ake cirewa.

A 'yan shekarun nan ƙafa ta ɗauke. Wasu sun ce tsada, kuma gaskiya ne, kaza ta yi kuɗi, annobar da ke zuwa da hunturu tana share akurki cikin kwana kaɗan. Amma wannan tana da magani: akwai rigakafin da ake ɗiga wa kaji a ido ko a sa musu a ruwan sha, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom tana yin sa, ga kuma Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa mana a Zuru a 2020, masana ba su yi mana nisa ba. A yi wa kaji tun kafin sanyi ya shigo. Rashin da ya fi wannan shi ne na 'yan uwanmu na ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da 'yan bindiga suka tasa. Da yawansu suna nan cikinmu, sun rakuɓe a gidajen dangi da ɗakunan haya. Sun baro rumbu, sun baro akurki. Matan cikinsu a da su ne masu zama gaban tukunya su raba, yau biki yana zuwa ya wuce ba su ɗora komai ba.

Don haka 'yan uwana mata, ku bar yaran su gwada sabon girkinsu, ku tsaya kusa ku nuna musu inda gaɓa take da yadda ake ɗanɗana tsami. Maza, in damina ta dawo a bar wa soɓorodo layi biyu a bakin gona. Bana kuma in an sauke tukunya, ko fiffike huɗu ne, a fara cika kwano mai murfi, a ba yaro ya kai gidan da baƙin nan suka sauka a unguwarku.