Mun Karɓi Makulli, Ina Kundin Ginin?

A zangonninmu, daga Nima har Aboabo, ba mu da ƙyuya wajen gini. Da karo-karon ranar Juma'a da gudummawar 'yan uwa mazauna waje muke tayar da masallatai da makarantun Islamiyya. Amma ranar buɗewa, makulli kaɗai ake miƙa wa kwamiti. Inda bututun ruwa ya bi, da kaurin rodin da ke cikin ginshiƙi, duk suna cikin kan magini. Magini kuwa ɗan Adam ne, yana mantuwa, yana ƙaura, yana rasuwa. Bayan shekara goma sai a ce za a ɗora bene, alhali babu wanda ya san nauyin da harsashin zai iya ɗauka.

Irin wannan matsalar ce tsarin da injiniyoyi ke kira BIM yake magancewa. Ana fara tayar da ginin cikin kwamfuta kafin a haƙa rami, kuma kowane bango da taga da waya na ɗauke da bayaninsa: girmansa, abin da aka yi shi da shi, kuɗinsa, da lokacin sauya shi. In bututu zai ci karo da ginshiƙi, manhajar za ta nuna tun ba a sayi siminti ba.

Da can aikin masu zane ne, da manhajoji irin su Revit da ArchiCAD. Yanzu hankali ya koma kan rayuwar gini bayan an tare. Gwamnatin Birtaniya ta wajabta tsarin a ayyukanta tun 2016. A 2018 aka fitar da ƙa'idar ISO 19650 kan adana bayanan gini, a 2020 aka ƙara mata sashen da ya shafi kula da shi bayan kammalawa.

Na san wani zai ce, "Malam, mu da ke gini da taro da sisi, ina mu ina Revit?" Gaskiyarsa, lasisin da tsada. Kuma kwamfuta ba ta hana ɗan kwangila rage siminti. Benen kantin da ya rufta a Achimota a Nuwamba 2012, rashin bin ƙa'ida ne ya kayar da shi.

To amma tushen tsarin bai fi ƙarfinmu ba. Shawarata ita ce kowane kwamiti ya rubuta a yarjejeniya cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai an miƙa zanen ginin yadda aka gina shi, da hotunan rodi da wayoyi kafin a rufe su, da jerin kayan da aka sa. A ajiye kwafi wurin liman, wani a intanet. 'Ya'yanmu da ke karatun injiniya a KNUST za su iya haɗa wannan, in an neme su.

Masallaci wakafi ne, amana ce a wuyan kwamiti. Waɗanda za su yi sahu a ƙarƙashin rufin nan bayanmu suna da haƙƙin sanin abin da ke riƙe da shi.