Gayyatar Kirsimati: A Gaya Wa Baƙo Abin Da Aka Kira Shi Dominsa

Da zarar watan Disamba ya kama, sai manyan garuruwan Kudu su sake kama. A Ikko da Badun da Fatakwal da Anacha, da wuya mutum ya wuce wata gada ko katanga bai ga ƙyalle ko takardar wata majami'a tana kiran jama'a zuwa bikin Kirsimati ba. Samari da 'yan mata kuma su fito da ƙananan takardu a hannu suna miƙa wa duk wanda suka ci karo da shi, har mai gadi a bakin ƙofa, da ɗan dako a kasuwar Mile 12, da mahauci a Agege, da mai shayi a unguwar Sabo ta Badun. Gayyata dai ba laifi ba ce, gama sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa ikon bin addininsa da kuma kiran wasu zuwa gare shi. Abin dubawa shi ne abin da ake rubutawa a cikin waɗannan takardu, da kuma abin da ake bari ba a rubuta ba.

Wanda ya karanta da yawa daga cikinsu zai tarar da sunan babban mai wa'azi da hotonsa, da jerin mawaƙan da za su zo, da wurin da motar kyauta za ta tsaya ta kwashi mutane, wani lokaci har da alkawarin shinkafa da atamfa. Amma idan ya nemi layi guda da ya faɗi abin da ake murnarsa, sau da yawa sai ya ƙare takardar bai gani ba. Masu rubutawa sun ɗauka kowa ya sani. Watakila haka ne ga wanda aka haifa a Surulere ko Enugu, amma Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma mutanen Arewa da ke ci rani ko zama a Kudu suna cikin baƙin da waɗannan takardu ke faɗawa hannunsu kullum.

Baƙin nan kuwa iri biyu ne, kowanne da tasa bukata. Akwai Kirista ɗan Arewa, daga Filato ko kudancin Kaduna ko Zuru ko ƙasar Tangale ko Adamawa, har da waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga wuraren Gwoza da Chibok da Michika tun wajen shekarar 2014 da 'yan shekarun da suka biyo baya. Shi ya san Kirsimati sarai, amma ya san ta ne da Hausa, da Littafin Waƙoƙi, da gangar Zumuntar Mata, da tuwo ko shinkafar da ake aika wa maƙwabta. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya hana da yawa daga cikinsu zuwa gida a ƙarshen shekara, saboda haka duk majami'ar da ta kira shi, can zai nufa. In ya je ya tarar da sa'a huɗu na kiɗa da Turanci da Yarabanci, babu wanda ya tambaye shi daga ina ya fito, sai ya koma ɗakinsa kamar bai yi biki ba. Na biyu shi ne Musulmi, maƙwabci ko abokin aiki, wanda aka gayyata don zumunci, shi kuma yana so ya san abin da zai tarar kafin ya ce i ko a'a.

Abin mamaki shi ne, labarin da ake ɓoyewa a bayan hotunan mawaƙa gajere ne, kuma babu wanda zai fi ɗan ci rani gane shi. Yana cikin surori biyu na farko na Linjilar Luka da na Matiyu. Bisa ga abin da Kirista suke karantawa a can, Kaisar Augustas na Rum ya ba da umurni a yi ƙidaya, kowa ya koma garin kakanninsa a rubuta shi. Sai Yusufu ya ɗauki Maryamu, tana da tsohon ciki, suka taso daga Nazarat zuwa Baitalami. Suka iso gari ya cika, ba su sami wuri a masauki ba, har haihuwa ta zo, aka kwantar da jaririn a komin dabbobi. Waɗanda suka fara samun albishir makiyaya ne masu kwana a daji suna tsaron garkensu. Bayan haka kuma, don tsoron Sarki Hirudus, iyayen suka ɗauki yaron da dare suka yi gudun hijira zuwa Masar. Mutumin da ya taɓa sauka daga tirela a Ikko da asuba bai san inda zai sa haƙarƙarinsa ba, ko wanda ya bar garinsu da dare da 'ya'ya a kafaɗa, ba ya bukatar dogon sharhi a kan wannan. Duka labarin bai fi a ba da shi cikin minti biyar ba, kuma zai shiga bayan takardar gayyata har a sami ragowar fili.

Ga baƙo Musulmi kuwa akwai ƙarin magana. Haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ba baƙon labari ba ne a gare shi, domin yana karanta ta a Suratu Maryam, sura ta 19 a cikin Alƙur'ani mai girma, kuma ya gaskata cewa an haife shi ba tare da uba ba. Amma inda hanya ta rabu a fili take. Kirista na murna ne domin sun gaskata cewa wanda aka haifa Ɗan Allah ne kuma Mai Ceto, Musulmi kuwa ya ɗauke shi bawan Allah ne kuma manzonsa, bai yarda da waccan magana ba ko kaɗan. Wasu masu gayyata, don gudun kada a ƙi zuwa, sukan shafe wannan bambanci su ce ai duk ɗaya ne, ko su kira taron walimar ƙarshen shekara ko liyafar 'yan unguwa. Mutum ya zo da niyyar cin abinci da gaisawa da maƙwabta, can tsakiyar taro sai a ce baƙi su miƙe tsaye, a miƙa masu kati su rubuta suna da lambar waya, mai ɗaukar hoto kuma yana aikinsa. Kafin gari ya waye hoton ya hau Facebook, kafin mako ya zagayo ya isa ƙauyensu a Katsina ko Sakkwato, inda babu wanda zai tsaya ya ji cewa shinkafa kawai yaron ya je ci. Wannan yana iya raba mutum da iyayensa ko ya ɓata masa maganar aure, ita kuma majami'ar da ta yi haka ta jawo wa sauran majami'u zargin da ba su ji ba ba su gani ba.

Har ila yau ya kamata masu gida su lura cewa gayyatar da ta fito daga bakin wanda ke biyan albashi ba daidai take da ta aboki ba. In uwar gida ta ce wa direbanta ko yaron gidanta ya zo coci ranar Kirsimati, shi umurni yake ji, ko da ita alheri take nufi. Kamata ya yi ta ƙara da cewa in bai zo ba babu komai, ta kuma nuna hakan a aikace ranar da aka koma aiki.

Maganar rabon abinci ita ce ta fi nauyi, domin ta riga ta ci rayuka. Taimakon matalauci a lokacin biki abu ne da addinan biyu suka yi umurni da shi, ba kuwa mai hankalin da zai ce a daina. Amma idan aka mai da buhun shinkafa shi ne kan maganar gayyata a lokacin da yunwa ta yi yawa, jama'ar da za ta zo sai ta fi ƙarfin ƙofar. Ranar 21 ga Disamba, 2024, mutum 10 suka mutu a turmutsutsu wajen rabon kayan abinci a wata majami'a da ke Maitama a Abuja, a ranar nan kuma mutum 22 suka rasu a Okija ta Jihar Anambra wajen rabon shinkafar Kirsimati da wata gidauniya ta shirya. Kafin wannan, a watan Mayu na 2022, mutum 31 sun rasa rayukansu a Fatakwal wajen rabon kayan kyauta da wata majami'a ta shirya. Masu shirya waɗannan tarurruka ba mugunta suka nufa ba, amma kyakkyawar niyya ba ta faɗaɗa ƙofa. Ban da haɗarin rai, akwai kuma nauyin da kyautar ke ɗora wa mai karɓa, tun da kowa ya ci ladan kuturu ya san aski na jiransa. Majami'un da suka raba ranar sadaka da ranar sujada, suka kai kayan har gida ko suka bi ta hannun masu unguwa ba tare da tambayar addinin kowa ba, sun fi kusa da daidai.

Batun harshe kuma ba shi da wuyar da ake zato. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, aikin da Likita Mila na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna a Zariya, ya yi shekaru yana fama da shi tare da abokan aikinsa, daga baya kuma aka sake fassara shi da Hausa mai sauƙi. Ekklisiyoyin da tushensu ke Arewa, irin su ECWA da COCIN da EYN, suna da rassa a Kudu, a wasunsu ana yin sujada da Hausa, haka kuma a majami'un da ke cikin barikokin soja da na 'yan sanda ba a rasa masu jin Hausa. Majami'ar da ke son kiran 'yan Arewa ba ta da hujjar buga takarda da gurguwar Hausar da na'ura ta juya, alhali ga fastoci da malaman makaranta 'yan Arewa a unguwa guda da ita waɗanda za su gyara mata cikin rabin sa'a. In kuwa ba ta da mai fassara ranar bikin, babu abin kunya in ta nuna wa baƙon inda ake yi da harshen da yake ji, ko da majami'ar ba ta ɗarikarta ba ce.

Baƙo yakan yi tambayoyin da 'yan gida suka daina yi, ya kamata kuma a ba shi amsa tsakani da Allah. In ya tambaya ko Linjila ce ta ce 25 ga Disamba, amsar ita ce ba ta faɗi ranar ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikin a wannan rana daga birnin Rum ya fito, na shekara ta 336, har yanzu kuma Kiristan Habasha da Kibɗawan Masar ranar 7 ga Janairu suke nasu. In ya tambaya wane ne dattijon nan mai jan kaya da farin gemu, a gaya masa al'adar Turawa ce da ta samo asali daga labarin wani bishop mai suna Nikolas da ya yi zamani a ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya, itacen da ake yi wa ado kuma daga Jamus ya yaɗu. Faɗin haka bai rage wa bikin komai ba a wurin masu shi.

Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, watau CAN, wadda aka kafa a 1976, tana da rassa a jihohin Kudu, kowace babbar unguwar 'yan Arewa kuma tana da Sarkin Hausawa da dattawanta. Zama guda tsakaninsu a farkon Disamba ya isa a daidaita cewa kowace takardar gayyata ta faɗi a fili sujada ce ko liyafa, da harshen da za a yi ta, da lokacin tashi, da kuma cewa ba za a ɗauki hoton baƙo ko sunansa ba sai da yardarsa. Lokacin tashin nan ma ba ƙaramin abu ba ne ga mai gadin da zai karɓi aiki da ƙarfe shida na yamma, ko ɗan kasuwar da motar kyauta ta kai shi bayan gari a hanyar Ikko zuwa Badun, taro ya watse da tsakar dare, ya nemi motar komawa ya rasa.