Karen Gadi Ma Baƙo Ne A Sabon Gida

Duk wanda ya daɗe a Ikko ko Badun ya san tashi daga wannan gida zuwa wancan ba ya ƙarewa. Yau an ƙara kuɗin haya, gobe an yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, jibi wani ya gama gininsa a Ikeja ko Festac ya kwashe iyalinsa. Ranar tashi za a ga an naɗe madubi cikin bargo, an sa ƙarti huɗu sun tallafi firji, amma karen gidan sai a ƙarshe ake tunawa da shi, a cilla shi bayan mota tare da tukwane. Wanda zai ɗanɗana kuɗar wannan sakaci kuwa shi ne mai gadi, ga shi kuma da yawa daga cikin masu gadin irin waɗannan gidaje 'yan Arewa ne.

Kare da hanci yake sanin gidansu. Fitsarin nan da yake ɗiɗɗigawa a gindin bango da bakin ƙofa alama ce yake sawa ta iyakar wurinsa. To, ran da aka sauke shi a sabon gida babu alamarsa ko ɗaya, watakila ma warin wani karen da ya riga shi zama zai tarar. Shi ya sa zai kwana yana kuka, ya ƙi abinci, ya yi ta tonon ƙarƙashin ƙofa yana neman hanyar komawa inda ya sani. Wani ya yi ta haushi ko ganye ya motsa, wani kuma ya shige ƙarƙashin mota ya yi tsit ko da an hauro katanga. Daga nan sai a ce kare ya lalace, a ɗauko sanda. Alhali kuwa baƙunta ce ke damunsa, duka kuma ba abin da zai ƙara masa sai tsoron gidan da ake so ya tsare.

Bai kamata wannan ya yi wa ɗan Arewa wuyar ganewa ba. Wanda ya taɓa saukowa daga jirgin ƙasa a tashar Iddo, ba ya jin Yarabanci, bai san gabas ba bai san yamma ba, ai bai sami natsuwa ba sai da ya isa Agege ko Idi-Araba ya ji ana Hausa, aka kai shi wurin mai masauki, aka ajiye masa tuwo. Abin da ya saba da shi ne ya kwantar masa da hankali. Haka shi ma karen.

Saboda haka tsohon buhu ko tabarmar da yake kwana a kai, kada a yar, kada kuma a wanke. A tafi da ita yadda take. Kwanon cinsa da na ruwansa su bi shi. Abincin da ya saba shi za a ci gaba da ba shi, a kuma lokacin da ya saba. In tafiyar mai nisa ce, kada a cika masa ciki gab da tashi, don mota tana sa shi amai, amma a riƙa tsayawa ana ba shi ruwa. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa, don haka barinsa cikin rufaffiyar mota da tsakar rana yana iya kashe shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sakinsa tun daren farko, wai ya kama aiki. Wane aiki, bai san abin da zai tsare ba? Abin yi shi ne a keɓe masa wuri mai inuwa, safe da yamma mai gadi ya riƙe shi da igiya ya zaga da shi cikin gidan, ya bar shi ya shinshina, ya sa alamarsa. A nuna masa mutanen da za su riƙa shiga da fita, kamar direba da mai wanki. A duba katanga da ƙarƙashin ƙofa a toshe duk wata kafa. Bayan mako ɗaya ko biyu, in an ga yana cin abinci sosai yana kwanciya da kansa, sai a fara sakinsa da dare. Ɗaure shi da gajeriyar sarƙa dare da rana kuma wani laifin ne, domin abin da ke mai da kare mafaɗaci ke nan.

Wani zai ce, duk wannan a kan kare? Gaskiya ne Bahaushe ba ya son kusantar kare, kuma ba wanda ya ce a shigar da shi ɗaki ko a ci kwano ɗaya da shi. Amma malamai sun halatta ajiye kare domin farauta da tsaron dabbobi da gona, da yawansu sun haɗa da gadin gida, kuma dabbar da mutum ya tsare, cinta da shanta suna wuyansa. Ban da wannan ma akwai lissafin tuwon mai gadi. Karen da ya tsere a unguwar da bai sani ba, ko mota ta take shi, ko ya ɓata, ko ya ciji ɗan maƙwabta. Kowanne ya faru, maigida ba zai tuna shi ne ya ce a saki kare ba. Mai gadi za a tsare da tambaya, wani lokaci har gaban 'yan sanda.

Su ma masu gidan da nasu. Kafin a tashi, a kai kare wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare in lokacinta ya yi, a karɓi takarda a ajiye, don ita za a fara nema ran da aka yi cizo. Karen da aka kawo daga Arewa kuma a riƙa duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska, don tana yawa a wuri mai damshi da ciyawa. In tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti a ranar, shi kuma karen kada a kashe shi cikin fushi. A tsare shi kwana 10 likitan dabbobi ya ga ko lafiyarsa ƙalau.